Mary Pennington: Matar da ta mayar da sanyi sana'a

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dandume a lokacin kaka ya san darajar hatsi a kudancin Katsina. Manyan motoci kan yi layi ana yi musu lodin masara da dawa da shinkafa da waken suya, dillalai na kai-komo tsakanin manoma da fatake. Manomin da farashi bai yi masa ba yana da mafita, domin zai iya mayar da buhunansa sito ya jira wata uku ko huɗu. Maƙwabcinsa mai lambun tumatir da tattasai ba shi da wannan gata. Da zarar an tsinke kaya an zuba a kwando, rana ta fara cin rabonta, kuma mai saye ya san da haka sarai. Haka abin yake ga mai tallar nono da mahauci da mai kiwon kaji da mai sayar da ɗanyen kifi. Abin da bai shiga ba yau, gobe ya rage kuɗi, jibi kuwa sai juji.

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, manoman Amurka suna cikin irin wannan hali. Ƙwai da kaji da madara kan lalace a hanya kafin su isa manyan birane, wanda ya isa ɗin ma sau da yawa yakan zame wa masu ci cuta. Cikin mutanen da suka fi kowa aiki wajen sauya wannan yanayi akwai wata mace, Dokta Mary Engle Pennington, wadda ta rayu daga 1872 zuwa 1952. Jami'ar da ta yi karatu ta hana ta digirin farko saboda ita mace ce, sannan jami'an gwamnatin da suka duba takardar jarrabawarta ta neman aiki ba su san mace ce ta rubuta ba. Duk da haka, ita ce ta shimfiɗa yawancin ƙa'idojin da aka bi wajen sanyaya abinci da jigilarsa a ƙasarta, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga ƙungiyar injiniyoyin sanyaya kaya ta Amurka.

Tasowarta da karatunta

An haifi Mary ranar 8 ga Oktoba, 1872, a birnin Nashville na Jihar Tennessee. Tana ƙarama iyayenta, Henry da Sarah Pennington, suka koma Filadelfiya a Jihar Pennsylvania, domin su zauna kusa da dangin mahaifiyarta, mabiya wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Quaker. 'Yan wannan ɗariƙa sun shahara da sauƙin rayuwa, da kuma ba wa ilimin 'ya'ya mata muhimmanci tun zamanin da jama'a da dama ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

Tana da shekara 12 ta ci karo da wani littafi a kan ilimin sinadarai na likitanci. Marubuta tarihinta sun ruwaito cewa da kalmomin littafin suka gagare ta, sai ta taka da ƙafarta har Jami'ar Pennsylvania, ta nemi wani malami ya yi mata bayani. Malamin ya sallame ta a kan ta dawo idan ta girma. Bayan shekara shida, a 1890, ta dawo a matsayin ɗaliba. Iyayenta sun yi mamakin wannan zaɓi, domin a lokacin ba a saba ganin mace a ɗakin gwaje-gwaje ba, amma ba su hana ta ba.

Cikin shekara biyu ta kammala duk darussan da ake buƙata don samun digirin farko a ilimin sinadarai, tare da ilimin tsirrai da na dabbobi. Sai dai a 1892 jami'ar ba ta ba mata wannan digiri. Abokan karatunta maza suka karɓi nasu, ita kuwa aka ba ta takardar shaidar ƙwarewa. Malamanta, musamman Farfesa Edgar Fahs Smith, sun san abin da ke kanta, don haka suka buɗe mata ƙofar babban karatu duk da rashin digirin. A 1895, tana da shekara 22, ta sami digirin digirgir daga jami'ar da ta hana ta na farko. Bincikenta ya shafi wasu ƙarafa biyu ne, kolumbiyam da tantalam, waɗanda ake samu daga irin ma'adinin kolumbayit da daga baya aka riƙa haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos.

Ta ƙara zurfafa karatu a fannin tsirrai a nan Pennsylvania, sannan ta wuce Jami'ar Yale, inda ta nazarci sinadaran jikin halittu. Da ta gama, sai ta tarar kamfanoni ba su da gurbi ga mace masaniyar sinadarai. Maimakon ta zauna jiran tsammani, ta buɗe ɗakin gwaje-gwajenta a Filadelfiya, likitocin birnin suna aiko mata da samfur tana auna musu, tana kuma koyarwa a Kwalejin Likitanci ta Mata ta Pennsylvania.

Darasin madara

A 1904 hukumar lafiya ta Filadelfiya ta ɗauke ta aikin binciken ƙwayoyin cuta. Babbar matsalar birnin a lokacin ita ce madara. Ana tatso ta a gonaki masu nisa, a zuba a garewani, a ɗora a jirgin ƙasa, ta kwana a hanya ba tare da wani sanyi na kirki ba. Idan bazara ta yi, gudawa takan kwashe jarirai masu yawa a biranen Amurka, kuma gurɓatacciyar madara na cikin manyan dalilai.

Mary ta bi madarar tun daga hantsar saniya har ƙofar gidan mai saye, tana ɗibar samfur a kowane zango tana ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Abin da ta nuna wa masu sana'ar abu ne mai sauƙin fahimta. A cikin ɗumi, wasu ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu duk bayan minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta iya haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Sanyi ba ya kashe su, hana su hayayyafa da sauri kawai yake yi. Saboda haka dole a fara da tsabta, a sanyaya kaya nan take, kuma kada sanyin ya yanke a ko'ina. Madarar da ta sha rana awa uku a bakin tasha, ko an saka ta cikin ƙanƙara daga baya, ɓarnar ta riga ta auku. Wannan shi ne abin da a yau ake kira sarƙar sanyi, wadda ƙarfinta bai wuce ƙarfin mahaɗinta mafi rauni ba.

Yadda ta bi da masu tallar askirim a ƙofar makarantu ya nuna irin halinta. Ba ta aika musu da 'yan sanda ba. Ta ɗebi samfur daga tukwanensu da cokulansu, ta gayyace su suka leƙa madubin likita, suka ga abin da ke motsi a ciki da idanunsu. Daga nan suka yarda su riƙa tafasa kayan aikinsu. Ƙa'idojin da ta tsara na duba madara da adana ta sun yi tasiri har wasu biranen suka kwaikwaya.

Haruffa biyu a kan takardar jarrabawa

A ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a kan dokar tsabtar abinci da magunguna. Jama'ar Amurka a lokacin ba su yarda da abincin da ya kwana a ɗakin sanyi ba, kuma suna da hujja. 'Yan kasuwa da yawa sukan kai kaji ɗakin sanyi ne bayan sun fara wari a kasuwa, wasu kuma su ɓoye kaya watanni domin su tsawwala farashi. Akwai masu kira da a taƙaita wannan sana'a da doka, alhali babu wanda ya san takamaimai kwana nawa kaza ko ƙwai za su iya yi a cikin sanyi, da kuma irin sanyin da ya dace da kowanne.

Dokta Harvey Wiley, shugaban sashen sinadarai na Ma'aikatar Gona, wanda ya yi tsayin daka har aka kafa dokar, yana neman wanda zai amsa waɗannan tambayoyi da hujjar kimiyya. Tun 1905 Mary ta fara yi wa ma'aikatar wasu ayyuka, ya kuma ga ingancinsu. Da aka tashi kafa sabon ɗakin binciken abinci a 1907, ya ƙarfafa mata gwiwa ta zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati. Aka rubuta sunanta M. E. Pennington, ba tare da an fayyace Mary ba. Ita ce ta zo ta ɗaya. Da jami'ai suka gano cewa mace ce, suka kawo uzurin cewa ba a taɓa naɗa mace irin wannan muƙami ba, Wiley kuwa ya tsaya a kan cewa babu dokar da ta hana. Haka ta zama shugabar ɗakin ta farko, ta riƙe shi har 1919. Ta same shi da ma'aikata huɗu, ta bar shi da 55.

A 1908 ta halarci taron duniya na farko a kan fasahar sanyaya kaya da aka yi a birnin Paris, taron da ya zama tushen cibiyar ƙasa da ƙasa da har yanzu take kula da wannan fanni daga Faransa.

Kaji da ƙwai

Aikin farko da ta sa a gaba shi ne kaji. Ita da ma'aikatanta suka shiga mayanka da rumbunan sanyi da shagunan 'yan kasuwa, suna bin kaza daga wuƙa har tukunya. Sun gano cewa yadda ake yanka da yadda jini ke tsiyayewa suna da tasiri a kan daɗewar nama, haka kuma al'adar jiƙa figaggun kaji a ruwan ƙanƙara tana sa naman ya sha ruwa ya yi saurin lalacewa. Ta ba da shawarar a sanyaya su da busasshiyar iska mai sanyi, a kuma jera su yadda iska za ta ratsa kowacce. Ita da abokin aikinta Howard Pierce suka ƙirƙiro wata maratayar ƙarfe ta sanyaya kaji, suka yi mata rajistar mallakar fasaha. Sakamakon gwaje-gwajenta ya tabbatar da cewa kazar da aka gyara da tsabta aka daskarar da wuri tana iya yin watanni masu yawa ba ta canja ba.

Matsalar ƙwai ta fi yawa. Kaji sun fi yin ƙwai a wani yanki na shekara, sai kasuwa ta cika farashi ya faɗi, daga baya kuma a neme shi a rasa. Wani rahoto da ta rubuta da abokan aikinta a 1914 ya ƙiyasta asarar ƙwai a Amurka da dala miliyan 50. Sai ɗakin nata ya shirya wani taragon jirgin ƙasa na musamman, aka zuba masa kayan sanyi da na koyarwa, yana tsayawa a ƙananan garuruwa. A cikinsa ake nuna wa manoma da 'yan sari yadda ake haska ƙwai da fitila a cikin duhu a gane mai kyau da baragurbi, da muhimmancin kwashe ƙwai a kan kari a ajiye a wuri mai sanyi, da raba zakaru da kaji bayan lokacin ƙyanƙyasa, saboda ƙwan da zakara bai taka ba ya fi jure zafi. Ta kuma yi aiki a kan yadda ake shirya ƙwai a akwati don rage fashewa a hanya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ya dogara da ƙarfin damtse. Abin da suka buƙata shi ne ma'aunin zafi da littafin rubuta sakamako da haƙurin maimaita gwaji har a tabbatar.

Mace a jirgin kaya

Aikin da ya fi fito da sunanta shi ne na taragon sanyi. A wancan zamani ba inji ke sanyaya tarago ba. Akwai akwatuna a gabansa da bayansa da ake cika wa da manyan dunƙulen ƙanƙara, ana ƙara wata a tashoshi. Kamfanonin jiragen ƙasa sun ɗauka cewa muddin akwai ƙanƙara, kaya na cikin aminci, amma sai a buɗe tarago a New York a tarar da na kusa da ƙanƙara ya daskare, na tsakiya da na sama ya ruɓe.

Mary ta sa aka dasa ma'aunan zafi a sassa daban-daban na taragai, ita kuma ta riƙa shiga ƙaramin taragon ma'aikata da ke wutsiyar jirgi, tana keta ƙasar daga gabas zuwa yamma cikin zafi da hunturu, tana rubuta abin da ma'aunan suka nuna. Ta gano lahani iri biyu. Na farko, abin da aka cusa a bangon taragai don tare zafi ya yi siriri, kuma girgizar tafiya na tsattsaga shi. Na biyu, iska ba ta zagayawa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take sauka, mai ɗumi kuma ta tashi sama. Idan aka jibge kaya a daɓen tarago, an toshe wa sanyin hanya ke nan, sai ya taru a gindin akwatin ƙanƙara. Maganin da ta bayar shi ne a ƙara kaurin abin tare zafi a bango da rufi da ƙasa, a shimfiɗa katakai masu tazara a ɗan ɗaga kaya daga daɓe, a kuma gyara akwatunan ƙanƙara yadda iska za ta ratsa su ta sauka, ta bi ƙarƙashin kaya ta dawo.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, ciyar da sojoji da ƙasashen Turai ya zama wajibi, kuma asarar abinci a hanya ta zama barazana. Hukumar abinci ta lokacin yaƙi, ƙarƙashin Herbert Hoover wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ta jawo ta a jiki. Daga cikin taragan sanyi kimanin 40,000 da ƙasar ke da su, kusan 3,000 ne kawai aka samu sun cika sharuɗɗan da ta gindaya. Aka shiga gyara sauran bisa tsarinta, tsarin da aka ci gaba da bi shekaru da dama har zuwa lokacin da taragai masu inji suka karɓi ragama. A 1919 aka ba ta lambar yabo saboda wannan hidima.

Kamfaninta da matan da ta horar

A 1919 ta bar aikin gwamnati ta koma kamfanin American Balsa, mai sarrafa wani icce marar nauyi da ake amfani da shi wajen tare zafi. A 1922 ta buɗe ofishinta na ba da shawara a New York, inda masu rumbunan sanyi da kamfanonin sufuri da masu sarrafa abinci ke zuwa neman ta tsara musu gini ko ta warware musu matsala. Ta riƙe wannan ofis shekara 30.

Ta fahimci cewa sarƙar sanyi ba a kasuwa take ƙarewa ba, a ɗakin girki take ƙarewa, kuma a can mata ne ke da iko. A 1923 ta kafa wani ofishin wayar da kan iyalai tare da ƙungiyar masu sana'ar ƙanƙara. A lokacin yawancin gidaje akwatin ƙanƙara suke amfani da shi, firij mai lantarki bai yaɗu ba tukuna. Ofishin ya buga ƙasidu masu bayyana inda ya kamata a ajiye madara da nama a cikin akwatin, da illar naɗe ƙanƙara da takarda don kada ta narke, domin narkewar ita ce ke janye zafi daga abinci. Ya kuma horar da mata waɗanda kamfanoni suka ɗauka aiki, suna shiga gidaje suna duba akwatuna suna koyar da matan gida. Ta matsa wa masu ƙera akwatunan su yarda a riƙa gwada ingancin kayansu, abin da bai yi wa wasunsu daɗi ba, domin ita lafiyar mai saye ta sa a gaba.

A 1940 ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta ba ta lambar Garvan, wadda ake bai wa matan da suka yi fice a fannin. A shekarar da ta biyo baya mujallar New Yorker ta buga dogon tarihinta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojin ƙasar ta sake neman shawararta a kan abincin dakaru. Ba ta yi aure ba, kuma ba ta yi ritaya ba. Ta rasu a New York ranar 27 ga Disamba, 1952, tana da shekara 80. A 2002 aka shigar da sunanta zauren karrama matan Amurka, a 2018 kuma na masu ƙirƙira.

Abin da ya shafi Dandume da maƙwabtanta

Tambayoyin da Mary ta yi wa taragon jirgi su ne ke jiran amsa a kan motar da ke ɗauko tumatir daga Danja ko Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Ana jera kwanduna wani a kan wani, na ƙasa na matsewa, zafi na taruwa a tsakiya, ga tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. A tsakiyar rani kaya kan yi yawa har manomi ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, da damina ta faɗi kuma magidanci a birni ya riƙa sayen 'ya'yan tumatir ƙidaye. Sanin maganin wannan ya wuce sayen firij a jona. Madara na son kimanin digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin alluran rigakafi suna son tsakanin digiri 2 da 8, wasu kuma suna lalacewa idan suka daskare. Ɗanyen tumatir kuwa sanyi mai tsanani na hana shi nuna da kyau, ya fi son sama da digiri 10. Kowane kaya da nasa lissafi, kuma wanda ya san lissafin shi ne injiniya.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kowane gida ya san sanyin ruwan randa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya ɗauki wannan hikima ya faɗaɗa ta a shekarun 1990. Ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsanewa cikin busasshiyar iska, yana tafiya da zafin da ke ciki. A gwajinsa, yalon da kan yi kwana uku ya kai kwana 27. Ya raba dubban tukwane a ƙauyukan Jigawa, ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ɗaya daga cikin amfanin da aka lura da shi shi ne, da kayan lambu suka daina lalacewa a kwana ɗaya, an rage tura 'yan mata talla kullum, wasu suka sami damar zuwa makaranta. A Kudu kuma, kamfanin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015 yana girka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, yana ɗaukar mata su kula da su.

Duk da haka, idan aka ambaci wannan sana'a a Funtuwa ko Malumfashi, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne rumfar mai gyaran firij a bakin titi, da tukunyar gas da yaran shago. Wannan reshe ne mai daraja, amma ɗaya ne cikin rassa da yawa. Akwai tsara ɗakin sanyi da lissafin nauyin zafin da zai ɗauka, da haɗa shi da faifan sola a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, da kula da ma'ajiyar jini da ta rigakafi a asibitoci, da motocin jigilar nama da kifi. Ita kanta sana'ar tana sauyawa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 sun wajabta barin wasu nau'o'in gas masu illa ga sararin samaniya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka maye gurbinsu suna kama wuta. Wanda ya koyi aikin da ka kawai, ba tare da sanin dalili ba, zai iya jefa kansa da mai kaya cikin haɗari.

Buƙatar mata a nan ta fi ta Amurkar zamanin Mary fitowa fili. A gidaje da dama na ƙasar Hausa, firiza ita ce jarin matar aure. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da fura da nono na sayarwa, musamman a watan azumi. Idan ta tsaya aiki a gidan da aka rubuta ba shiga, sai a jira maigida ya dawo, ko a nemi mota a kinkime ta zuwa shago, kafin nan kayan ciki sun narke, jari ya karye. Macen da ta iya auna kwampireso, ta gano inda gas ke yoyo, za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida, kuma kasuwarta a shirye take tun kafin ta buɗe shago.

Hanyoyin koyo suna kusa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ta Hassan Usman a Katsina, duk suna koyar da injiniyancin injuna, wanda ilimin sanyaya kaya ke ƙarƙashinsa. Hukumar NABTEB na shirya jarrabawar sana'ar firij da na'urar sanyaya ɗaki ga ɗaliban kwalejojin fasaha. Tun daga 2019, duk ranar 26 ga Yuni ake bikin ranar fasahar sanyaya kaya ta duniya, kuma jawo matasa da mata cikin sana'ar na cikin abubuwan da masu shirya ta ke nanatawa. Ma'aikacin gwamnatin da ke tsara shirin koyar da sana'o'i yana iya duba jerin da ake ware wa 'yan mata, ya ga ko akwai wani abu bayan ɗinki da saƙa da haɗa man shafawa. Ɗan kasuwar da ke asarar kaya duk rani yana iya lissafa abin da yake zubarwa a shekara ɗaya, ya gwada shi da kuɗin karatun yaro ko yarinya ɗaya a wannan fanni.

A rayuwar Mary Pennington, mutum uku ne suka yanke shawarar da ta ba ta hanya a lokacin da al'ada ta rufe ƙofa: malamin da ya karɓe ta babban karatu ba tare da digiri ba, da shugaban da ya tsaya a kan sakamakon jarrabawa, da kuma, kafin su duka, iyayen da a 1890 'yarsu mai shekara 17 ta ce za ta karanci ilimin sinadarai, suka yi mamaki, sannan suka bar ta ta tafi.